Yadda ake bin sawun zafi da sikanin yayin gasa ƙari da HIFU

Likitan da ke aiki da HIFU, dabarar gasa ƙari da sauti mai ƙarfi, yana dafa nama ne a inda idonsa ba ya gani, hannunsa kuma ba ya kaiwa. Ƙarin mahaifa, alal misali, yana can ciki, santimita 8 ko 10 ƙarƙashin fata; gabansa mafitsara, gefensa hanji, bayansa jijiyoyin da ke sauka ƙafa. Ba a tsaga ba balle a leƙa. Abin da ke ransa kowane sakan bai wuce biyu ba: inda na nufa ya gasu? Inda ban nufa ba yana nan lafiya?

Na rubuta wannan ne domin masu aikin sikanin, da ɗaliban kimiyyar na'urorin asibiti, da injiniyoyin da za su iya tsintar kansu a gaban irin wannan na'ura, ko a ɗakin gwaji ko kusa da gadon mara lafiya.

HIFU, da ake furtawa "haifu" (duk da yadda ya faɗo a kunnen Bahaushe, sunan ba ruwansa da haihuwa), sauti ne irin na sikanin, wanda kunne ba ya ji, sai dai an ƙara masa ƙarfi ninki dubbai, an kuma tara shi wuri guda. Abin da ke fitar da shi kwano ne mai kama da dish ɗin kan rufi, amma aikinsa a juye: dish yana tattaro abin da ya zo daga nesa, shi kuwa kwanon nan aikawa yake yi, duk sautin ya haɗu a wata matattara mai girman ƙwayar shinkafa, faɗinta milimita 1 zuwa 3, tsawonta kusan santimita 1. A hanya sautin a baje yake, ba ya cutar da komai. A matattara kuwa ƙarfinsa kan kai wat dubu ko dubbai a kan kowane murabba'in santimita, alhali na sikanin asibiti bai cika wat ɗaya ba.

Dabarar ta tsufa. John Lynn da abokan aikinsa sun gwada ta a kan dabbobi a Amurka tun 1942, 'yan'uwan nan biyu William da Francis Fry na Jami'ar Illinois kuma suka kai ta ga ƙwaƙwalwar mutane a shekarun 1950. Daga nan ta yi shekaru tana jan ƙafa, kuma babban dalili shi ne rashin idon da za a duba aikin da shi.

Yau ido biyu ake da su. Na farko MRI ne, kamar a na'urar ExAblate ta kamfanin InSightec na Isra'ila, wadda Amurka ta amince da ita don ƙarin mahaifa a 2004. MRI yana ba da taswirar zafi ta gaske, da kuskuren da bai cika wuce digiri 1 ba a naman da ba ya motsi, ko da yake a kitse ba ya tabuka komai. Na biyu sikanin ne, wanda na'urorin Haifu na birnin Chongqing a ƙasar Sin suke bi, da Sonablate da Ablatherm na firostet ɗin maza, da Echopulse ta Faransa mai aiki a kan ƙullutun maƙoshi da na nono. Asibitin Chris Hani Baragwanath da ke Soweto a Afirka ta Kudu yana gasa ƙarin mahaifa da irin ta Chongqing. Wannan ya shafe mu kai tsaye: ƙarin mahaifa ya fi yawa a mata baƙar fata, kuma a garuruwanmu sikanin yana ko'ina, MRI mai aiki kuwa sai an yi tattaki.

Sai dai ka riƙe wannan tun kafin ka kunna komai: sikanin ba ma'aunin zafi ba ne. Alamomin da zafi ya bari yake gani, kuma kowace alama tana da iyakar da take faɗin gaskiya. Wadda ke da amfani a digiri 42 shaidar zur take bayarwa a digiri 65. Duk gwanintar aikin a sanin lokacin canza mai shaida take.

Mataki na farko: san lambar da kake nema

Nama ba ya mutuwa a wani digiri guda. Zafi da lokaci ne suke haɗuwa su kashe shi. Masu bincike Sapareto da Dewey suka tsara lissafin a 1984, kuma har yau shi ake bi. Ana mayar da kowane gashi zuwa mintocin da suka yi daidai da shi a digiri 43 na Salshiyas, kuma iyakar da aka saba ɗauka ta mutuwar nama ita ce minti 240. Sama da 43, duk digiri ɗaya da aka ƙara yana raba lokacin biyu: minti 120 a 44, minti 60 a 45, ƙasa da minti 2 a 50, ƙasa da sakan 2 a 56. A digiri 60 ko ƙiftawar ido ba a gama ba. Ƙasa da 43 kuwa, kowane digiri yana ninka lokacin sau huɗu.

Dubi abin da wannan ke nufi ga mai awo. Kuskuren digiri 1 yana ninka lissafin gashi sau biyu, na digiri 3 sau takwas. A tsakiyar matattara wannan ba damuwa ba ce, tunda zafin ya zarce iyaka nesa. A gefe ake yin ta, inda nama ke tsakanin 45 da 52, kuma a gefen ne hanji da jijiya suke.

Mataki na biyu: share wa sauti hanya

Iska ce abokiyar gabar aikin nan. Ruwan da kwanon ke ciki sai an cire masa iska har narkakken iskar oksijin ya sauka zuwa kusan miligiram 3 a lita ko ƙasa, kuma ya kasance mai sanyi don ya riƙa huce fata. A aikin ƙarin mahaifa ana aske wurin, a goge maiƙo, a zuƙe iskar da ke maƙale a ramukan gashi. Ana wanke hanji tun kwanaki kafin ranar, a sa robar fitsari don a cika mafitsara ko a rage ta yadda ake so, matar ta kwanta rub da ciki a kan ruwan. Tabon tsohuwar tiyata yana shan sauti fiye da fatar da ke kewaye da shi, don haka a san inda yake. Sannan a bi hanyar sautin duka da sikanin, daga fata har bayan ƙarin, yanki bayan yanki. Ka tuna kwanon ya fi kan sikanin, wato sashensa mai ɗauko hoto, faɗi nesa ba kusa ba. Hanjin da bai fito a hotonka ba yana iya kasancewa a cikin mazubin sautin gashi.

Mataki na uku: raba lokaci tsakanin wuta da kallo

Muddin kwano yana aiki, hoton sikanin yakan cika da farin hazo, kamar mai son jin raɗa kusa da injin niƙa. Mafita ita ce a riƙa katse wutar. A haɗa na'urorin biyu da wayar umarni ɗaya: kwano ya yi shiru, a dakata 'yan milisakan har kuwwarsa ta mutu, a ɗauki hoto, ya ci gaba.

Lissafin tazarar ba wuya. Sauti yana tafiyar kusan mita 1540 a sakan a cikin nama, don haka zuwa da dawowa a zurfin santimita 15 yana cin kusan milisakan 0.2. Hoton da aka gina layi-layi da layuka 128 zai ci wajen milisakan 26. Na'urorin bincike irin su Verasonics suna iya haska filin duka da bugu ɗaya, su ba da hotuna dubbai a sakan. Ko wanne ka samu ya isa, in dai ba ka yi nawa ba. Matattara siririya ce, zafinta yana tsiyayewa gefe da sauri. Milisakan 30 ba asara ba ce, amma wanda ya jira sakan 2 kafin ya duba, wani abu dabam yake aunawa.

Akwai sharaɗi ɗaya da ke kayar da mutane da yawa. Hoton da ke fitowa a allo bai isa ba. Kafin ya iso allon an riga an shafe hawa da saukar igiyar sautin, an bar haske da duhu kawai, kuma a cikin abin da aka shafe ɗin labarin zafi yake. Kana bukatar ɗanyar sigina, kamar yadda ta fito daga kan sikanin. Yawancin na'urorin asibiti ba sa bayar da ita sai da izinin bincike daga kamfani. Ka tambayi wannan kafin a saya, ba bayan an sauke kaya ba.

Mataki na huɗu: gocewar amsa-kuwwa

Nan ne ainihin auna zafi da sikanin, kuma nan zan daɗe.

Idan nama mai ruwa, irin tsoka ko hanta, ya ɗumama daga digiri 37, gudun sauti a cikinsa yana ƙaruwa da kusan mita 1 a sakan kan kowane digiri. Na'urar sikanin ba ta san da wannan ba. Ita har kullum 1540 take lissafi da shi. Saboda haka amsa-kuwwar da ta ratsa wuri mai ɗumi takan dawo da wuri, sai na'ura ta zana abin da ya maido ta kamar ya matso kusa. Bai matsa ba. Kumburin da zafi ke sa nama yana ƙara nasa, amma a ƙananan digirori canjin gudu ne ke da rinjaye. Ralf Seip da Emad Ebbini sun nuna a 1995, a Jami'ar Michigan, cewa ana iya karanta zafi daga irin wannan canji. Maass-Moreno da Damianou suka fayyace lissafin gocewar a 1996, sannan a 1998 Simon da VanBaren da Ebbini suka fitar da cikakkiyar taswira.

Bari mu sa lambobi. A ce wurin da ya ɗumama kaurinsa milimita 5, ya hau da digiri 10. Gudu ya ƙaru da mita 10 cikin 1540, wato kashi 0.65 cikin ɗari. Zuwa da dawowa a cikin wurin yana cin mikrosakan 6.5, don haka amsa-kuwwa za ta riga lokacinta da kusan nanosakan 42. A hoto, gocewar mikromita 32 ke nan, bai kai kaurin silin gashi ba. Ido ba zai gan ta ba. Amma a kan sikanin mai megahaz 5, wato kaɗawa miliyan 5 a sakan, inda zagaye ɗaya na igiya yake nanosakan 200, kashi ɗaya cikin biyar ne na zagaye, kuma kwamfuta tana kama wannan cikin sauƙi.

Ga yadda ake yi. Kafin wuta, ka ɗauki hotuna da dama ba tare da ka taɓa komai ba. Su ne mafari, kuma su za su nuna maka yawan rawar da awonka ke yi ko babu zafi. Duk abin da bai fi wannan rawar ba daga baya, ba labari ba ne. Sai ka yanka kowane layin sigina gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa, da za mu kira taga, milimita 1 zuwa 2, suna hawa kan juna. Tsaki-tsakin nan da ke cika hoton hanta, wanda masu sikanin ke ɗauka datti, shi ne zanen yatsan kowace taga. Kwamfuta za ta ɗauki taga a hoton baya, ta zame ta sama da ƙasa a kan sabon hoto har ta sami inda suka fi kama, ta rubuta nisan da ta zame.

Kada ka riƙa gwada kowane hoto da na farko. Gwada shi da wanda ya gabace shi, ka riƙa tara gocewar. Dalili: in gocewa tsakanin hotuna biyu ta wuce rubu'in tsawon zagaye ɗaya na igiya, wajen mikromita 77 a megahaz 5, lissafin da ke bin zagayen igiya yakan kama zagayen da ba shi ba, sai taswira ta yi tsalle. Kuma ka sa ido a kan makin kamanni na kowace taga, wanda 1 ke nufin hotunan biyu sun yi kama sak. Ni dai in ya faɗi ƙasa da 0.9 ba na yarda da wurin; gara a bar shi baƙi da a shafa masa launin ƙarya.

Yanzu kana da gocewa, amma ba ita ce zafi ba, domin taruwa take yi. Ɗauki direban da ya saba tashi daga Kano zuwa Kaduna, yau sai ya isa Zariya da saurin minti 10, Jaji da saurin minti 10, Kaduna ma haka. Ba za ka ce hanya ta yi kyau a Jaji ba; ribar tun kafin Zariya ya samo ta, yake ta tafiya da ita. In kana son sanin inda hanyar ta gyaru, sai ka duba tsakanin gari da gari, inda ribar ta ƙaru. Haka duk abin da ke bayan matattara zai fito a goce ko da sanyi ƙalau yake. Inda gocewar ke ƙaruwa da zurfi, nan zafi yake. Don haka sai ka ɗauki gangarar gocewa bisa zurfi, ta hanyar ɗora miƙaƙƙen layi a kan kowane milimita 2 ko 3. Ka gajarta, taswira ta cika da hayaniya. Ka tsawaita, ƙololuwar zafi ta baje ta fito ƙasa da gaskiyarta. Babu zaɓin da ba shi da farashi.

Daga ƙarshe ka ninka gangarar da lambar saiti ta irin naman. Da lissafinmu na sama, gangarar kashi 0.1 cikin ɗari tana nufin hawan kusan digiri 1.5. Lura: hawa ne kake samu, ba zafin kansa ba. Sai ka ƙara shi a kan zafin farko, wanda kusa da fatar da ke cikin ruwan sanyi ba lallai ya zama 37 ba.

Abubuwa huɗu ne ke ɓata wannan awo. Motsi ne babbansu: hanta tana hawa da sauka santimita 1 zuwa 2 a numfashi na yau da kullum, ninki ɗaruruwa na abin da kake nema. Ana ɗaukar hoto a gaɓa ɗaya ta numfashi ko ta bugun zuciya, ko a auna motsin a wani yanki da zafi bai kai ba a debe shi. Mahaifa da firostet sun fi sauƙi, ko da yake motsin hanji da cikar mafitsara suna turo su a hankali. Na biyu, wurin da ya ɗumama yakan zama kamar gilashin tabarau, ya karkatar da sautin sikanin, sai ka ga zane-zanen zafi da sanyi na bogi a bayan matattara. Mathieu Pernot da Mickael Tanter da abokansu a Paris sun nuna a 2004 cewa haɗa hotuna daga kusurwoyi da dama yana rage su.

Na uku kitse. A kitse gudun sauti raguwa yake yi da zafi, don haka gocewar a juye take. Hanta mai matsakaicin kitse tana iya ɗumama sosai ba tare da ta nuna komai ba, saboda ruwa na ja gaba kitse na ja baya. Ƙungiyar Jeff Bamber da Gail ter Haar a Cibiyar Binciken Kansa ta Landan ta yi aiki a kan wannan a farkon shekarun 2000. Na huɗu shi ne mafi muni: ƙaruwar gudun ba ta ɗorewa. Wajen digiri 50 zuwa 60 takan tsaya, daga nan ta juyo ƙasa. Ko tsabtataccen ruwa haka yake, ƙololuwarsa na wajen digiri 74. Ga shi kuma naman da ya fara dahuwa zanen yatsansa ya canza. Wato awon yana da amana daga 37 zuwa wajen 50, kuma daidai inda gashi ya kankama yake sakin hannunka.

Mataki na biyar: saiti a ɗakin gwaji

Kada ka ari lambar saiti daga takardar wani ka ɗora a na'urarka. Fara da jel na gwaji: wanda aka haɗa da farin ƙwai yana da daɗin koyarwa, domin garau yake, sai inda ya wuce wajen digiri 60 ya yi fari, ka ga siffar ƙunar da idonka. A zuba masa ɗan gari mai maido da sauti don ya yi tsaki-tsaki. Daga nan sai hantar saniya. A sayo ta da safe daga mahauta, ba wadda ta kwana a firiza ba, a jiƙa ta a ruwan gishiri a zuƙe mata iska, a kai ta digiri 37 kafin a fara. Hanya mafi tsabta ta samun lambar ita ce a ɗumama yankan duka a hankali cikin bahon ruwa, digiri bayan digiri, ana ɗaukar sigina.

In za ka gwada da kwanon kansa, za ka soka siririyar wayar auna zafi, kuma a nan akwai tarko. Sautin yana girgiza nama ya goga a jikin wayar, sai ita kanta ta yi zafin da naman bai yi ba. 'Yan'uwan Fry sun bayyana wannan tun 1954, amma har yau sabon shiga yakan ga allura ta yi tsalle a farkon sakan ya yi murna. Yi amfani da waya mafi siriri, ka ajiye ta ɗan gefe da matattara, ko ka dogara da yadda zafin ke sauka bayan an kashe wuta ka lissafo baya. Kuma ka tuna hantar mahauta ba ta da jini mai gudu. A jikin mai rai jini yana kwashe zafi, abin da Harry Pennes ya sa a lissafi tun 1948. Kusa da babbar jijiyar jini, wutar da ta dafa hantar gwaji tana iya barin nama ɗanye.

Mataki na shida: harbin gwaji

Ga inda gocewar amsa-kuwwa take biyan kuɗinta. Kafin gashi na gaske, a saki wuta kaɗan, wadda za ta ɗaga wurin da digiri 3 zuwa 5 na 'yan sakanni, abin da ba ya kashe komai. Taswira za ta nuna abu biyu. Ɗaya, ina matattarar take a zahiri: kitsen ciki da tsoka suna karkatar da sauti, sai ta sauka milimita da dama daga inda alamar allo ta nuna, yawanci ta matso wajen kwano. Biyu, yaya naman nan yake karɓar zafi. Ƙari ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke fitowa da haske a hoton MRI, rukuni na 3 a rabon da ake yi wa ƙarin mahaifa da sunan Funaki, mai ruwa ne da yawan jini, yana da taurin kai. Ko lambar saitinka ba ta cika daidai ba, wurin da zafin ya fito gaskiya ne. A maimaita harbin duk lokacin da aka koma wani zurfi ko mara lafiya ta gyara kwanciya.

Gaskiyar magana, wannan mataki da na huɗu har yanzu sun fi zama a ɗakunan bincike. Yawancin asibitocin da ke aiki da sikanin a kan abin da ke biye suke dogara.

Mataki na bakwai: in an wuce 50, canza mai shaida

Alamar da likitoci suka fi sani ita ce farin da ke tashi a matattara. Kumfa ce: ko dai iskar da girgizar sauti ta fizgo daga nama, ko tururin tafasa. A firostet har maki ake ba ta, daga 0 zuwa 3, da sunan likitan Japan Toyoaki Uchida, kuma na 3 shi ne farin da ya tsallake inda aka nufa, alamar a dakata a rage wuta. A ƙarin mahaifa ana yin gajerun harbi da hutu a tsakani, ana gwada hoton kafin da na bayan kowane harbi.

Ina girmama farin nan, amma ban ɗauke shi alƙali ba. Yana makara: nama ya mutu tun a 60, tafasa kuwa sai 100, don haka wuri yana iya gasuwa sarai bai yi fari ba. Girmansa ba girman ƙunar ba ne, kuma yakan dushe cikin sakanni ko mintoci. Sannan da zarar kumfa ta taru sai ta zama katanga: sauti ba ya wuce ta, zafi ya riƙa taruwa a gabanta, ƙunar ta tashi daga siffar shinkafa ta koma ta talibambam, kanta na rarrafowa wajen fata. Shi ya sa ake fara gashi daga can ƙurya a riƙa jawowa gaba. Wanda ya fara daga gaba ya toshe wa kansa hanya, ya kuma jefa sauran ƙarin cikin inuwa.

Kumfa ana iya jin ta ma kafin a gan ta. A bar kan sikanin ya yi shiru yana saurare kawai yayin da kwano ke aiki. Sauti a rabin mitar kwanon, wato rabin saurin kaɗawarsa, yana nuna kumfa na rawa. Shuuu mai cika dukkan mitoci yana nuna tana fashewa da ƙarfi, kuma a nan zafi ke hawa fiye da lissafi. Miklós Gyöngy da Constantin Coussios na Jami'ar Oxford sun nuna a 2010 yadda ake mayar da wannan saurare taswira. Ba sai an katse wuta ba, amma ta fi iya faɗin dama da hagu fiye da zurfi.

Mai shaida na uku tauri ne, kuma a ganina shi ya fi kusa da abin da ake tambaya. Duk wanda ya taɓa tsire ya san gasasshen nama ya fi ɗanye tauri. Da farkon ɗumi nama yakan ɗan yi laushi, in ya dahu kuma taurinsa ya ninka sau biyu ko fiye, ya zauna haka, ba ya dushewa kamar kumfa. Ana auna shi da ɗan turin sauti da ke tayar da girgiza mai tafiya gefe, wadda gudunta ke ƙaruwa da tauri. Bastien Arnal da Pernot da Tanter sun bi gashi da wannan hanya a 2011. Ƙungiyar Elisa Konofagou a Jami'ar Columbia kuwa kwanon kansa take sa ya riƙa jijjiga matattara, in jijjigar ta ragu an san wurin ya dahu. Akwai ma masu cin riba daga abin da ya ɓata mana awo a baya: Douglas Mast na Jami'ar Cincinnati yana zana taswirar inda makin kamanni ya rushe, tunda rushewar kanta alama ce ta cewa naman ya canza.

Kada matattara ta ɗauke maka hankali duka

Harbi ɗaya ba ya ɗumama fata, amma ɗari biyu da suka bi ta wuri guda suna yi. Ƙunar fata da ta kitsen ciki daga wannan tarin take zuwa. A riƙa hutawa, a duba fatar da ido da hannu, a kalli layukan gaba a hoto ko sun fara fari ko kumbura. A bayan ƙarin kuma ƙashi yana shan sauti ya yi zafi, ga jijiyoyi a kwance a kansa. Shi ya sa a aikin ƙarin mahaifa ba a sa matar barci mai nauyi. Ana ba ta abin rage zafi da kwantar da hankali, a bar ta tana magana. A gaya mata tun farko: zafin fata, ko wani abu da ya harba zuwa ƙafa, ta faɗa nan take, kada ta daure. Wannan sai an nanata, musamman ga matan da aka tarbiyyantar a kan cewa nuna raki abin kunya ne. Ba na'urar da ke riga ta sanin jijiya ta fara ɗumi.

Kafin a tashi daga gado

Naman da ya gasu jini ba ya shigarsa, kuma wannan ana iya gani. Ana yin allurar ƙananan kumfa irin SonoVue, waɗanda ba su wuce 'yan mikromita ba kuma ba sa fita daga hanyoyin jini, a rage ƙarfin sikanin don kada ya fasa su. Inda ke da rai zai haskaka, inda ya mutu ya zauna baƙi. A yi irin wannan hoto tun kafin a fara aiki, don kada a ɗauki tsohon ruɓaɓɓen wuri a matsayin aikin yau.

A auna baƙin ta fuska uku, a ninka su, a sake ninkawa da 0.523. Ƙari mai santimita 6 da 5 da 5 ya kama mililita 78. In baƙin ya ba da 5.5 da 4.5 da 4.5, mililita 58 ke nan, kashi 74 cikin ɗari. Sai a duba ina sauran yake. In siririn gefe ne da aka bari da gangan saboda hanji ko bangon cikin mahaifa, a bar shi. In wani lungu ne mai haske a tsakiya, ana iya komawa, amma a jira aƙalla minti 10 kumfar allurar ta bar jini, a kuma tabbatar da hakan a hoto, domin kumfar da ta rage a hanya za ta kama wutar tun a bangon ciki, kafin ta isa inda aka aike ta.